Na Dafa Kifin 'Yan Aji Ɗaya

Sana'ata babbakar kai da ƙafa ce. Na yi ta shekara da shekaru a bayan Abatuwa, nan Jos, tun mijina yana da rai har bayan ya rasu. Shi mahauci ne. In an yanka shanu da safe maza su kwashe tsoka, mu kuma a turo mana kawuna da ƙafafu da ganda, mu babbake, mu kankare, mu wanke, masu dafa abinci su zo su ɗauka. Hayaƙin aikin nan fata yake shiga. Ko da sabulu mai ƙamshi kika yi wanka, in kika shiga bas, wadda ke kusa da ke sai ta ɗan kau da hanci. Na fara da wannan ne don a san abin da ban so 'yata ta gada ba.

Ita ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ta rayu cikin waɗanda na haifa. A yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi hira da shi. Kunya ake ce wa abin. Da ma kakarta ya kamata ta riƙe ta, to kakar ta rasu da wuri, sai muka zauna ɗaki ɗaya ni da ita muna kunyar juna kamar surukai. In ina son ruwa sai in ce, "Wai babu mai kawo ruwa a gidan nan?" In ta yi abin kirki sai in kalli bango. Mata da yawa a layinmu sun sassauta wannan al'ada. Ni ban sassauta ba, har alfahari nake yi da hakan.

Ubanta ne ya sa ta boko. Ta gama firamare, ta shiga sakandare, tana aji biyu ya faɗi ya mutu, karatu ya tsaya. Ta dawo gida tana ɗebo mini ruwa. Ban taɓa barin ta ta riƙe wuƙa ba. In ta matso kusa da wuta sai in kore ta, in ce tana tare mini iska.

Sai ga shekarun nan na mulkin soja, wajen ƙarshen saba'in da wani abu, aka ce kowa ya kai ɗansa makaranta kyauta. Yara suka cika ajujuwa, malamai ba su isa ba, aka ce duk wanda ya iya karatu da rubutu ya zo ya taimaka. Aka ɗauke ta a firamaren da ke gangaren unguwarmu, aka ba ta 'yan aji ɗaya. Amma tun ranar farko an faɗa wa sababbin malaman gaskiya: su 'yan riƙon ƙwarya ne. Kafin shekara ta ƙare sifeto zai zo daga ofishin ilimi ya zauna a ajin kowa. Wanda ya gamsar da shi za a tura shi kwalejin malamai ya samo takarda, aiki ya tabbata. Wanda bai gamsar ba, ranar da masu takarda suka fito, sai ya koma inda ya fito. Inda 'yata ta fito kuwa na riga na faɗa.

Watannin farko ta sha wuya. Yara sun fi sittin a ajin, wasu a benci, wasu a ƙasa, babu littafi, allo ɗaya ne a bango shi ma ya koɗe. Ga 'ya'yan mahauta, ga na Fulani da ke gangarowa daga ruga, ga na Birom, ga na Inyamurai masu shaguna, kowa da irin Hausarsa, wasu ma ba su da ita. Kullum ta dawo muryarta a dishe. Ba ta ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Sai dai in tafasa citta in ajiye a inda za ta gani.

Ina da ƙane direba, yana ɗaukar shanu a babbar mota zuwa Legas. In ya dawo ya ajiye motar a Laranto, yakan biyo ta wurinmu da tsaraba, kuma tsarabarsa ba ta taɓa zama abin amfani ba. Ran nan ya shigo da wani abu a buhu, ya zazzage shi a tabarma. Muƙamuƙi ne, sama da ƙasa a haɗe, a buɗe, a bushe, faɗinsa ya kai tiren shayi. Haƙoran kuwa ba layi ɗaya ba ne. Layi ne bayan layi, na gaba a tsaye, na baya a kwance suna jiran nasu lokaci, kowanne da baki kamar zarto.

Ya ce, "Yaya, ke da kika ce babu kan da ba ki sani ba, faɗa mini na wace dabba ne."

Na juya shi, na shinshina. Na ce, "Ƙarnin kifi yake yi. Amma kifi ba ya haƙori haka. Wani ya haɗa maka ya ci kuɗinka."

"Kifi ne. Shak suke ce masa. A bakin teku na same shi wurin masunta. Sun ce yana raba mutum biyu."

"To ka kai wa matarka ta rataya a ɗaki, ko za ka riƙa dawowa gida da wuri."

Yana dariya ya juya wajen 'yata ya ce, "Malama, ke fa? An koya muku wannan a boko, ko shi ma sai direba ya koya muku?"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa tana shafa haƙoran da ɗan yatsa, leɓenta na motsi, ƙirgawa take yi. Can ta ce, "Kawu, ka ba ni shi."

"Me za ki yi da shi?"

"Aji zan kai."

Ya ce, "Ɗauki. In sun ƙi karatu ki sa kansu a ciki."

Abin da ta yi da shi ban gani da idona ba da farko, a bakin iyayen yara na riƙa ji, don yawancinsu abokan aikina ne. Wata da muke kankarar ganda tare ta ce mini ɗanta ya hana su barci da ƙirge, wai haƙoran kifi yake lissafawa, na sama da na ƙasa in an haɗa nawa ke nan, in uku sun zube saura nawa. Yaron da a da sai an ja shi a ƙasa zuwa makaranta. Wata ta ce 'yarta ta zana mata baƙi a ƙasa da tsinke ta ce wannan na kifi ne, wannan na haƙori, wannan na teku. Ta tambaye ni ko daidai ne. Na ce ta tambayi wanda ya sani.

Ashe 'yata ta ɗora komai a kan kifin nan. Da shi take koya lissafi, da shi take koya baƙaƙe. Ta kai su fili da igiya suka auna tsawon kifin a ƙasa, suka kwanta a jere a ga yara nawa ne za su kai shi. Ta ƙirƙiro musu wasa, ɗaya ya zama shak, saura ƙananan kifaye, in ya kama ka sai ka faɗi baƙi ɗaya kafin ya sake ka. Ranar tsafta ta sa kowa ya zo da asuwaki. Kuma ka san 'yan shekara shida da bakwai, duk giɓi ne a bakinsu. Da ta faɗa musu shi ma kifin haƙorinsa na faɗuwa wani ya taso daga baya ya maye, sai kowa ya riƙa buɗe baki yana nuna nasa giɓin da taƙama. Har malamin addini ya aro shi ran da zai ba da labarin Annabi Yunus, 'yan coci suka ce ai su ma suna da shi a littafinsu, aka kusa dambe a kan na wane ne.

Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin teku. Ita ma ba ta taɓa gani ba. Sai ta jera su ta kai su bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, ta tsayar da su nesa, ta ce su rufe ido su ɗauka ruwan nan ya tafi har ya wuce duwatsun can, ya wuce Bauchi, ba a ganin ƙarshensa. Da suka koma aji ta jiƙa gishiri a kofi kowa ya ɗanɗana. Gishirina ne, na ga ya ragu, ban yi magana ba.

Hedimasta, wani dattijo ɗan Birom mai sanyin magana, ya biyo ta wurin aikina wata rana zai sayi ƙafa. Ya ce, "Mama, yarinya naki yana da kai. Na rubuta ma ofis, na ce sifeto ya zo ya ga wannan kifi."

Na ce, "Ƙafa nawa za a ba ka?"

Amma ranar na ƙara masa ganda a kai, ban san ma na yi ba sai da ya tafi.

Sau ɗaya na je da kaina. Na fake da cewa zan wuce Titin Bauchi kai saƙo, alhali ba hanyar ba ce, na bi ta bayan ajin na tsaya gefen taga. Muƙamuƙin yana rataye a ƙusa saman allo. A ƙasansa ta zana jikin kifin da alli, dogo, har ya fita daga allon ya hau bango. Tana tsaye da farar rigarta, hannunta duk alli, tana nuna haƙori yara na ƙirgawa da ƙarfi baki ɗaya. Muryarta ba a dishe take ba. Na kalli hannun nan mai farin alli na daɗe, sannan na juya kafin ta gan ni.

Damina ta shigo. Wanda ya san Jos ya san ruwanta, kwana uku rana ba ta leƙo ba, komai na ɗaki ya yi sanyi ya yi danshi. Aka aiko cewa sifeto zai zo ran Litinin. Ran Juma'a 'yata ta taho da muƙamuƙin gida a cikin zane, don rufin ajin yana yoyo kuma ƙofar ba ta kulluwa. Ta ajiye shi a kan akwati. Asabar ta wuni tana yanka kwali tana zana kifaye. Lahadi da hantsi ta ce, ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo, "Za a je Laranto kitso." Na ce wa tukunya, "A dawo lafiya."

Bayan ta fita na buɗe zanen. Abin ya canza. Hannun yara sittin ya bi ta kansa wata da watanni, ya yi dauɗa, ya yi ja. Danshi ya sa funfuna ta fito a lungunan haƙoran, ga ƙarni ya taso har ya cika ɗaki. Na ce a raina, babban mutum zai taso daga ofis da takalmi mai sheƙi, a miƙa masa wannan? Ya ce 'yar masu babbaka ce, ƙazanta a jininsu take? Ni ban iya zana kifi ba, ban iya baƙi ko ɗaya ba. Amma ƙashi, duk Abatuwa babu wadda ta fi ni iya fitar da shi fari. Masu sayen ƙahoni da ƙasusuwan ado wurina suke zuwa. Ruwa ake tafasawa da kanwa da ɗan toka, a jefa ƙashin, a bar shi ya sha wuta, a fitar a goge da soso, a shanya. Yana fitowa kamar alli.

Da wata uwa ce, da ta jira ta tambaya. Ni tambaya tana nufin in nuna na damu da abinta, in nuna na san ranar Litinin, in nuna ina so. So nake ta dawo ta tarar da shi fari tas a kan akwati, kada ta ce komai, kada in ce komai.

Na ɗora babbar tukunya. Ruwa ya tafasa, na zuba kanwa, na sa shi a hankali, na rufe, na koma kan wasu ƙafafu da suka kwana. Ban yi gaggawa ba, don muƙamuƙin sa yakan ɗauki lokaci.

Da na buɗe, babu muƙamuƙi. Wani abu ne ke yawo a ruwan, fari-fari, mai yauƙi, kamar ganda da ta wuce dahuwa. Na sa ludayi na ɗago, ya rabu biyu a kan ludayin ya koma ciki. A gindin tukunya na ji abu na ƙara, caras caras. Haƙoran ne, duk sun zube.

Ashe ba ƙashi ba ne. Guringuntsi ne tun daga farko har ƙarshe, bushewa ce ta sa ya yi tauri. Ni da na shekara ashirin ina raba ƙashi da guringuntsi da ido a rufe. Na riƙe shi a hannuna ran da aka kawo shi, na ji rashin nauyinsa, har na ce a raina abin nan bai kai girmansa nauyi ba. Ban bi tunanin ba.

Na tace ruwan da rariya, na tsince haƙoran ɗaya ɗaya, na wanke, na zuba a kwano. Sun yi fari kam. Na ajiye kwanon a kan akwati inda muƙamuƙin yake, na zauna a bakin ƙofa.

Ta dawo bayan la'asar da sabon kitso. Ta yi sallama ta shiga ɗaki.  Ina zaune ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Sannan ta fito da kwanon a hannu ta tsaya a bayana.

Ta ce, "Inna."

Na ce, "Wari yake yi."

Ta juya kwanon, haƙoran suka yi ƙara.

Na ce, "An ɗauka ƙashi ne."

"An dafa shi ke nan."

"An dafa."

 Ina jin numfashinta. Na so ta yi faɗa, ta jefar da kwanon, ta ce mini jahila, don in sami abin da zan riƙe. Sai ta ce, "Sun yi fari kuwa. Sannu da aiki." Ta koma ciki.

Da safe na riga ta tashi. Ina da wani muƙamuƙin sa da na gyara wa masu ado, fari, haƙoransa cif. Na naɗe shi a zanen na ajiye kusa da jakarta. Ta buɗe ta duba. Na ga ta gyaɗa kai ita kaɗai, ta ce wa jakar, "Za a iya gwada na mai cin ciyawa da na mai cin nama." Ta ɗauka har da kwanon. Wato ko a wannan safiya kanta yana aiki. Da na bar ta haka, wataƙila da ta tsallake.

Ban bar ta ba. Na kasa zama. Na hura wuta na kashe, na yafa mayafi na bi bayanta, na je na tsaya a gefen tagar nan.

Sifeton ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce. Mutum ne siriri mai tabarau, ya zauna a bayan aji kan kujerar da aka aro masa, da littafi a cinya. Hedimasta yana tsaye a bakin ƙofa. Yara suka gaishe su da Turanci yadda aka koya musu. Sannan duk idanu suka tafi kan ƙusar da ke saman allo. Babu komai a jiki.

Ta fara da kyau. Ta buɗe zanen ta ɗaga muƙamuƙin san ta ce, "Wa zai faɗa mini na wace dabba ne wannan?"

Tambayar 'ya'yan mahauta da Fulani ke nan. Rabin ajin suka ce na sa ne, wani ya ce bijimi ne ba saniya ba, wani ɗan Fulani ya ce ya yi shekara biyar, a duba haƙoran gaba. Sifeto ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Na ce a raina, Allah ya sa.

Sai wata 'yar ƙarama a gaba ta ce, "Malama, ina kifinmu?"

Ta ce, "Za mu zo kansa." Ta ɗauko kwanon ta fara zagayawa tana ajiye haƙori ɗaya a kan kowane benci. Yaran suka kalli haƙoran. Sun san su, sun ƙirga su sau ɗari.  Yarinyar nan ta gaba ta fara kuka a hankali, ta kusa da ita ta kama.

"Malama, ya mutu ne?"

"Wa ya fasa shi?"

"Malama, ɓarayi ne?"

Tana ta cewa ku yi shiru, ku saurara, ku duba bakin haƙorin ku gwada da na sa. Da ta ce musu uwata ce ta yi kuskure ta lalata shi, da sun yi kukansu sun gama, yara ne. Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ya lalace ne kawai."

Akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, uwarta ta ga lokacin da nake tace tukunya. Yarinyar ta waiwayo ta gan ni a taga. Ta miƙe ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ga ta can. Tsohuwar Malama ce ta dafa shi. Mamata ta ce ta ɗauka kan sa ne ta yi farfesu da shi."

Duk ajin suka juyo. Masu kuka suka koma dariya, wasu suna yin duka biyun. Wani ya ce, "Ta cinye mana kifi." Sai suka ɗauka kamar waƙa, suna buga benci, ta cinye kifi, ta cinye kifi. Na ga hedimasta ya sunkuyar da kai. Na ga sifeto ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗarsa na rawa.  Ina tsaye da mayafina mai warin hayaƙi, yara sittin suna nuna ni.

'Yata ba ta taɓa dukan yaro ba, iyaye har ƙorafi suke yi a kan haka. Ta taka zuwa wurin 'yar maƙwabtan nan ta ɗauke ta da mari. Ƙarar ta tsayar da komai. Yarinyar ta faɗi kan benci, haƙorin da ke hannunta ya yanke mata tafin hannu, jini ya fito. Ba wani babban yanka ba ne, amma jini ne, a gaban sifeto.

'Yata ta tsaya tana kallon hannun da ta yi marin da shi. Sannan ta ɗago ta kalle ni ta tagar, ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba. Ta ajiye allin a kan tebur ta fita daga ajin, ta wuce hedimasta, ta wuce fili, ta tafi gida. Darasin ko rabi bai kai ba.

Hedimasta ne ya ɗaure wa yarinyar hannu. Na je na same shi bayan an tashi, na ce masa laifina ne, a faɗa wa sifeto, in ana so in je ofis in durƙusa zan je. Ya ce, "Mama, mari ba komai, kowa yana mari. Amma malami ba ya barin aji ya tafi. Wannan ne ya rubuta. Na roƙe shi, ya ce abin da ya gani zai rubuta."

Washegari 'yata ta koma aiki. Ta je gidan maƙwabtan ta ba da haƙuri, ta riƙa wanke wa yarinyar ciwon har ya warke. Ta ci gaba da koyarwa har ƙarshen zango, amma iyaye suka daina kawo mini labari. Ta goge kifin da ke allo. Ƙanena ya ce zai samo wani in ya koma Legas, ya yi tafiya biyu bai samu ba, ta ce masa ya bari.

Da aka kafe sunayen masu tafiya kwaleji, babu nata. Ba ita ta faɗa mini ba, a bakin mai sayen ganda na ji. Bayan hutu sababbin malamai masu takarda suka iso, aka sallami 'yan riƙo.

Ta rasu yanzu, shekara tara ke nan, ta bar mini jikoki uku. Tsakanin ranar nan da rasuwarta ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Ni ma ban taɓa ba. Na sha shirya kalmomin a bakina, biyu ne kawai, ki yafe. Na faɗa wa mutanen da ban damu da su ba sau dubu.

Ranar da aka koma makaranta bayan hutun nan, ba da ita ba, na fito da sassafe na hura wuta a bayan Abatuwa kamar kullum. An kawo ƙafafu, na fara babbaka. Sai na ji mutum ya ja kututture ya zauna kusa da ni. 'Yata ce, ta ɗaura tsohon zanena, ta ɗaure kai. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙafa ɗaya daga cikin waɗanda suka sha wuta, ta ɗauki wuƙata ta biyu.

Na buɗe baki in ce tana tare mini iska. Babu inda zan kore ta ta tafi.

Ta fara kankara, tana yi daga sama zuwa ƙasa, wuƙar na zamewa. Hanyar makaranta ta gefenmu ta bi. Yara suka fara wucewa da jakunkunan buhu, 'yan ajinta, yanzu sun shiga aji biyu. Suka gan ta suka rage tafiya. Ɗaya ya ce, "Ina kwana, Malama." Saura suka ɗauka, ina kwana Malama, ina kwana Malama.

Ta ce, "Lafiya lau. Ku yi sauri kada a rufe ƙofa." Ba ta ɗago kai ba.

Na jira suka wuce. Na kalli hannunta, ya riga ya yi baƙi har wuyan hannu. Na ce, "Ba haka ake riƙe wuƙar ba. A kwantar da ita, a fara daga kofato."

Ta kwantar da ita, ta fara daga kofato.